Yadda Ake Tantance Dokar Ta-ɓaci

Idan gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci, a fara da duba dalilin da ta bayar: yaƙi ne, annoba ce, ko tarzomar da ta fi ƙarfin 'yan sanda? Sannan a bincika ko majalisa ta amince, da ranar cikar wa'adin, domin dokar da ba ta da wa'adi ita ce abar tsoro. Daga nan sai a sa ido kan kotuna da jaridu. Misali a Indiya, bayan kotu ta soke zaɓen Firayim Minista Indira Gandhi a 1975, an kafa dokar da ta yi wata 21, aka tsare 'yan adawa ba shari'a, aka riƙa tace labarai kafin bugawa, aka kuma ɗage zaɓe.