Darasi na 6: Kaska da yadda ake yi mata feshi

Kaska ba daga jikin dabba take tsirowa ba, daga ƙasa take hawowa. Macen takan sha jini har ta kumbura kamar gurjiya, ta saki saniya ta faɗo, ta shige cikin ciyawa ko tsagar garke, ta zuba ƙwai dubbai, sannan ta mutu. Ƙwan ya ƙyanƙyashe ƴaƴa ƙanana masu ƙafa 6. Su sha jini, su saɓule fata su koma masu ƙafa 8, su sake sha, su sake saɓulewa, sai ga babbar kaska. A nan ƙasar Tawa manyan sun fi yawa da faɗuwar damina, mai zane a baya kuma ita ke buɗe wa kirci hanya.

Saboda haka wadda kuka cire, a wuta za ku jefa ta. In kun yar a ƙasa, shuka kuka yi. Kada a murtsuke ta da yatsa, jininta na iya sa wa mutum cuta.

Yanzu awon magani, inda galibi ake tuntuɓe. Ku duba jikin kwalba. In an rubuta amitraz 12,5%, to mililita 2 ake sa wa lita 1 ta ruwa. Ku ɗauki sirinji, ku nemi lamba 2. Wannan layin shi ne na lita ɗaya. Lita 5, mililita 10. Lita 10, mililita 20. Bido mai lita 20, mililita 40. Wanda bai gane ba ya sake karantawa a hankali, ba abin kunya ba ne. Lita ɗaya, layin lamba 2.

Ban ce marfin kwalba ba, ban ce cokali ba. Kullum sai an samu mai zubawa da ido yana cewa ya saba. Haba malam! In ya yi kaɗan kaska ta saba da shi, kuɗinka sun tafi. In ya yi yawa saniya ta yi ta layi. Lita ɗaya, mililita 2, da sirinji.

A shayar da dabbobi tukuna. A fesa da safe, daga wutsiya zuwa kai har fata ta jiƙe, musamman ƙarƙashin wutsiya, hantsa, hammata da kunne. A rufe hanci, a ba iska baya. Doki da jaki ba a sa musu wannan magani.

Darasi na 7: Garke

A share, a toshe tsagogi. Sabuwar dabba daga kasuwa a ware ta, a yi mata feshi.

Darasi na 8: Fitsarin jini

In dabba ta yi fitsarin jini, a kira likitan dabbobi a ranar.