Yadda Za Ka Haɗa Sola da Batirin Litiyam a Gidanka Ba Tare da Ka Yi Asara Ba

A watan Oktoban 2024 jihohin arewacin Najeriya da dama sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke kawo wuta daga Enugu ta Makurdi shi ma ya samu matsala. Mutanen Nijar sun riga sun ɗanɗana irin wannan tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse musu wutar da take ba su bayan juyin mulki. Janareta kuwa, wanda a da shi ne mafita, ya zama abin tsoro tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, domin litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Wannan ya sa rufin gidaje da shaguna suka fara cika da faifan sola.

Ita kanta sola ba sabuwar aba ba ce. Abin da ya sauya shi ne farashi da kuma batir. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, batirin litiyam shi ma ya bi sahu, har ya kai ga irin batirin da ake sa wa motocin lantarki a ƙasar Sin yanzu ana jingina shi a bangon falo a Kano da Maraɗi. Sai dai duk da wannan sauƙi, mutane da yawa suna kashe kuɗi masu yawa su haɗa sola, bayan wata shida kuma su dawo suna cewa sola yaudara ce. Idan aka bincika, galibi za a tarar sun tafi kasuwa ne kafin su yi lissafi, suka bar mai kaya ya zaɓa musu abin da yake so ya sayar.

Lissafi kafin kasuwa

Ka ɗauki takarda da biro ka zagaya gidan, ka rubuta duk abin da kake so ya yi aiki da sola. A jikin kowane kayan wuta akwai wurin da aka rubuta yawan wat ɗin da yake ja. Ka ninka wannan adadi da yawan awannin da ake kunna shi a rana, abin da ya fito shi ne wutar da yake ci.

Mu ɗauki gida matsakaici a matsayin misali. Ƙwan lantarki takwas masu wat 10, kowanne yana kunne awa shida, sun ci 480. Fankar sama guda uku masu wat 75, kowace tana juyawa awa goma, sun ci 2,250. Talabijin da dikoda masu wat 80 a awa biyar sun ci 400. Ƙaramin firji yakan ci kimanin 1,200 a yini da dare, cajin wayoyi da kwamfuta kuma a ce 200. Jimilla ta kama 4,530, wato kusan yunit huɗu da rabi irin wanda mita take ƙirgawa, tunda yunit ɗaya daidai yake da wat 1,000 na tsawon awa guda.

Ka sake duba wannan lissafi da kyau, za ka ga fankoki uku kaɗai sun cinye rabin wutar gidan. A nan ne sabuwar fasaha take da amfanin da mutane ba su cika lura da shi ba. Akwai fankoki na zamani masu inji marar gawayi, waɗanda ake rubuta BLDC a kwalinsu, da suke jan wat 30 ko kusa da haka, kuma iskarsu ba ta gaza ta tsohuwar fanka ba. Idan ka sauya ukun nan, abin da suke ci ya sauko daga 2,250 zuwa 900, jimillar gidan kuma ta koma 3,180. A ganina, duk wanda zai haɗa sola ya fara kashe kuɗinsa a kan fanka da ƙwai da firji masu tsimin wuta, saboda sauya fanka uku ya fi sayen ƙarin faifai da ƙarin batir araha nesa ba kusa ba.

Faifai nawa kake bukata

Wutar da faifai ya samar ba duka take isa soket ba. Wata tana salwanta a waya, wata a inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta soket, wata a wurin cajin batir, ƙura da zafi su ma su ɗauki rabonsu. Saboda haka ka ƙara kashi 30 cikin ɗari a kan lissafinka. Gidan da ke cin 4,530 zai bukaci kimanin 5,900. Sannan ka raba wannan da biyar. Ko da yake rana tana fitowa kusan awa goma sha biyu, ƙarfinta da safe da yamma kaɗan ne, idan aka tattara shi duka a yankinmu yakan kama kamar awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana, kuma ya fi kyau a yi lissafi da biyar saboda gizagizan Agusta da hazon hunturu. Sakamakon shi ne wat 1,180, wato faifai uku masu wat 450 sun wadatar har da ɗan rara.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta kama faifan da aka yi wa lambar ƙarya, wanda abin takaici ya yi yawa a kasuwa. Faifan zamani mai kyau yana ba da wat 200 zuwa 230 a kowace murabba'in mita. Faifai mai wat 450 na gaskiya tsawonsa ya kai kusan mita biyu, faɗinsa mita ɗaya da ɗan ɗoriya. Ka tafi kasuwa da tef ɗin awo. Idan aka nuna maka faifan da bai fi mita ɗaya da rabi ba aka ce wat 500 ne, to takardar da aka manna a bayansa ce kawai take da wat 500.

Wurin kafawa, a fuskantar da faifan kudu, tunda muna arewa da tsakiyar duniya, a ɗan karkatar da shi digiri 10 zuwa 15 yadda ruwan sama zai riƙa wanke shi. A bar sarari tsakaninsa da kwanon rufi domin iska ta ratsa. Mutane suna zaton zafin bazara yana ƙara wa sola ƙarfi, alhali haske take so, zafi kuwa rage mata ƙarfi yake yi. Ana auna faifai ne a digiri 25 na ma'aunin Selsiyas, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage masa kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari, ga shi kuma faifan da ke manne da kwano a watan Afrilu yana iya haura digiri 60. Inuwa ita ce babbar abokiyar gaba. Reshen darbejiya ɗaya, ko inuwar tankin ruwa, ko ta tauraron talabijin da ta faɗa a kan gefen faifai guda, tana iya rage wutar dukan faifan da aka jera tare da shi.

Batir, inda kuɗin yake

Batir ne ya fi komai tsada a cikin kayan, kuma shi ne ya fi saurin mutuwa, don haka nan ya kamata ka fi daɗewa kana tunani. Abin da batir zai ɗauka shi ne wutar dare kawai. A gidan misalinmu, a ce yunit uku ake ci daga magariba zuwa hantsi.

Tsohon batirin dalma, wanda ake kira tubula ko batirin ruwa, mai bolt 12 da amfiya 200, yana ɗauke da yunit 2.4 a rubuce. Amma ƙa'idarsa ita ce kada a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya tsufa da wuri, saboda haka abin da kake da shi a zahiri yunit 1.2 ne. Don samun yunit uku sai ka sayi aƙalla guda uku, ka riƙa duba ruwansu kana ƙara musu tataccen ruwan batir, ka kuma ajiye su inda iska ke shiga, domin suna fitar da iskar da ke kama wuta idan suna caji.

Batirin litiyam na gida wanda ya dace ka nema shi ne nau'in da ake rubuta LiFePO4 ko LFP a jikinsa. Ya bambanta da litiyam ɗin da ke cikin wayar hannu, ya fi shi jure zafi, kuma kamawarsa da wuta ta fi wuya ƙwarai. Guda ɗaya mai bolt 25.6 da amfiya 200, ko mai bolt 51.2 da amfiya 100, yana ɗauke da yunit 5.12, kuma kana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na wannan kullum. Kamfanonin da ke ƙera shi sukan ce yana jure caji da saukewa sau 3,000 zuwa 6,000, wanda ko an ɗauki ƙaramin adadin ya haura shekara takwas ana amfani da shi kowace rana. Batirin dalma a irin zafinmu da irin yadda muke wahalar da shi, ba kasafai yake wuce shekara biyu zuwa uku da ƙarfinsa ba. Litiyam ya fi tsada ranar saye, amma idan ka raba kuɗin da shekarun da zai yi, shi ne mai araha. Wanda kuɗinsa bai kai ba, shawarata ita ce ya sayi ƙaramin litiyam ya rage kayan da zai ɗora masa da dare, maimakon ya tara batiran dalma da zai sake saye bayan shekara biyu.

Kafin ka biya, ka tabbata batirin yana da na'urar da ke kula da cajinsa a ciki, wadda ake kira BMS, ka kuma tambaya ko tana iya magana da inbatar da za ka saya. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa. Litiyam mai yunit biyar yakan kai kilo 40 zuwa 50, idan ka ji shi sakayau, akwai abin da aka rage a ciki. Akwai kuma masu haɗa batir da tsofaffin ƙwayoyin da aka ciro daga wasu na'urori su rufe da sabon akwati, shi ya sa takardar garanti mai ɗauke da lambar batirin da hatimin shagon take da muhimmanci. A ajiye shi a ɗaki mafi sanyi a gidan. Kada a sa shi a kicin ko a ƙarƙashin kwanon da rana ke duka.

Inbata ita ce take juya wutar batir ta koma irin ta soket. Ka nemi mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta layi, domin mai araha da ke fitar da gurɓatacciya tana sa fanka gurnani, tana kuma kashe injin firji a hankali. Ka tara wat ɗin duk abin da zai iya kasancewa a kunne lokaci guda, wanda a misalinmu bai wuce 600 ba, ka tuna kuma firji da injin jan ruwa suna fizgar ninki uku ko fiye na wutarsu a daƙiƙar da suka tashi. Inbata mai kVA 2.5 zuwa 3.5 ta ishi irin wannan gida. Na'urar daidaita cajinta ta kasance nau'in MPPT, wadda ta fi tsohuwar PWM tatso wuta daga faifai.

Kada ka yarda mai haɗawa ya yi maka tsimi a waya. A yi amfani da wayar tagulla mai kauri tsakanin batir da inbata, a sa fis ko bireka a tsakanin faifai da inbata da kuma tsakanin batir da inbata, a kafa sandar ƙasa da abin kare tsawa saboda damina. Dole ne kuma a raba wutarka da ta layi da makunnin sauyi, don kada wutar gidanka ta koma kan falwaya ta kama ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton babu wuta.

Gidan sola yana da nasa tsarin yini

Abin da ya fi wuya a koya wa iyali shi ne cewa lokacin ayyuka ya sauya. A zamanin wutar layi an saba yin komai a duk sa'ad da aka kawo wuta, ko da ƙarfe biyun dare ne. Da sola, wuta mai yawa tana nan daga ƙarfe goma na safe zuwa uku na rana, kuma da zarar batir ya cika, duk abin da faifai zai iya bayarwa bayan nan a banza yake tafiya idan ba a yi amfani da shi ba. A wannan tsakani ne ya kamata a yi guga, a ja ruwa zuwa tanki, a yi markaɗe, a bar firiza ta yi ƙanƙara sosai yadda za a iya kashe ta da dare ba tare da kayan ciki sun narke ba. Dutsen guga yana jan wat 1,000 ko fiye, butar lantarki takan kai 2,000, don haka kunna su bayan isha'i daidai yake da kwashe wutar fankar da za a kwana da ita. Matan da ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya sun fi kowa cin ribar wannan rarar ta tsakar rana, musamman idan azumi ya faɗo cikin zafi.

A lokacin hunturu a riƙa wanke faifan aƙalla sau ɗaya a mako, da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, ba tare da omo ko soson ƙarfe ba.

Fasahar batir ba ta tsaya ba. Tun 2021 kamfanin CATL na ƙasar Sin ya bayyana batirin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ake sa ran zai ƙara karya farashi idan ya yaɗu. Saboda haka ka zaɓi inbatar da ake iya saita mata nau'in batir da hannu, wadda kuma take da sararin karɓar ƙarin faifai, don kada sabon abu ya zo ya tilasta maka sauya komai.

A makon farko bayan an gama haɗawa, ka gwada batirin da kanka tun garanti yana da zafi. Ka bari ya cika da rana, da magariba ka kashe wutar layi, ka duba allon inbata ka rubuta wat nawa gidan yake ja da kuma kashi nawa ya rage a batir, ka sake dubawa da asuba. Batir mai yunit biyar da aka ɗora wa wat 400 ya kamata ya kai awa goma kafin ya sauko zuwa kashi 15 ko 20 cikin ɗari. Idan ya mutu a awa biyar, ka ɗauki hoton allon da takardar da ka rubuta, ka koma wurin wanda ya sayar maka a ranar.