Rabon gado a gidan da ke da agola da matar uba

A nan Ƙaura Namoda, gidajen da ke da agola sun yi yawa. Rashin tsaro ya bar mata da marayu, su sake aure su tare da 'ya'yansu. In maigidan ya rasu bai bar wasiyya ba, rigimar daga nan take tashi, kuma an sha kirana zaman sulhu irin wannan.

Kafin a taɓa komai, a ware abin da ba na mamaci ba. Akuyar da matar uba ta saya da kuɗin ƙuli-ƙulinta, da gadonta, da kwanukan jerenta, nata ne. Wannan mataki ne aka fi zaluntar mata a kai, don manyan 'ya'ya kan ɗauka duk abin da ke cikin katangar gida na babansu ne. Sai a cire kuɗin likkafani da jana'iza, a biya bashi, har da ragowar sadaki in akwai. In wata cikin matan tana da ciki, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo sai ta haihu.

Matar uba tana gadon mijinta, ko ta haihu da shi ko ba ta haihu ba. Tumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, in yana da 'ya'ya, kuma kishiyoyi raba shi suke yi daidai, kamar yadda aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta tsara. A ce bayan bashi an bar naira 2,400,000, da mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Mata su ɗauki 300,000, kowacce 150,000. Mahaifiya sudusi, wato ɗaya bisa shida, 400,000. Ragowar 1,700,000 a kasa biyar: kowane namiji 680,000, mace 340,000.

Agola fa? Ba ya cikin lissafin nan, ko da a hannun mamacin ya yi rarrafe, ko da shi ya fi kowa noma masa gona. Gado na jini ne da aure. Haka matar uba ba ta gadon ɗan mijinta. Amma agola yana da cikakken rabonsa a gadon mahaifiyarsa, kuma kasancewarsa yana mayar da rabon mijinta daga rabi zuwa rubu'i. Maza da yawa ba su san haka ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yaron da ya tashi yana cewa "Baba", ranar rabo ya koma bakin zaure yana kallo. Magada suna iya cire masa wani abu daga rabon baligansu, ban da na ƙananan marayu, kuma aya ta 8 ta Suratun Nisa'i ta kwaɗaitar da hakan. Kai kuma mai agola, tun kana da rai ka yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, wato ɗaya bisa uku na dukiyarka, ko ka ba shi kyauta ya karɓa a hannunsa gaban shaidu. Kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu, gado take komawa.

In akwai gona, gida ko kuɗi a banki, ku je kotun shari'a da mai unguwa da shaidu biyu, alƙali ya raba, kowa ya karɓi takardarsa.