Yadda Ake Karanta Tsofaffin Waƙoƙin Yaƙi a Ji Kukan da ke Cikinsu

Matasan da ke zuwa karatu wurina bayan La'asar a unguwarmu ta cikin birni sukan ce sun ɗauki Iliyad ko Mu'allaƙat, wato shahararrun ƙasidun Larabawa na zamanin Jahiliyya, sun ajiye tun ba a je ko'ina ba. Wai sunaye sun yi yawa, ga kashe-kashe ba iyaka. Ina ganin ƙofar shiga ce ba a nuna musu ba, don haka ga hanyar da nake bi da su.

Ka san labarin tukuna kafin ka taɓa baiti. Waɗanda aka rera wa waƙoƙin nan tun asali sun riga sun san wa zai mutu da wa zai saura, abin da ya tara su shi ne jin yadda za a faɗa. Iliyad waƙar Girkawa ce da ake jingina wa Homa, tun wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kashi 24 ce, layukanta sun haura 15,000. 'Yan makonni kaɗai ta ɗauko daga shekara ta goma ta yaƙin birnin Turoi, kuma labarin dokin katakon da Girkawa suka ɓuya a ciki suka ci birnin ba ya cikinta. Jarumi Akilis ya yi fushi da shugaban runduna, Agamemnon, kan wata mace da aka ƙwace masa daga ganimarsa, ya ƙi fita fagen fama. Amininsa Fatrokulus ya sa sulken Akilis ya fita, Hekta ɗan sarkin Turoi ya kashe shi. Akilis ya koma fage ya kashe Hekta, ya ɗaure gawar a bayan keken dawakinsa ya yi ta ja. Idan ka riƙe wannan, ka tsallake jerin jiragen ruwa da ke kashi na 2, ka tafi kashi na 6, sai 22, sai 24.

Ka karanta da murya, kada ka yi ta bi da ido kawai. Za ka ji ana ta maimaita "Akilis mai saurin ƙafa", kada ka ɗauka marubucin ya rasa abin faɗa ne. Kirari ne, irin wanda maroƙa ke yi wa mahaya ranar hawan Daushe, kuma da shi mai rerawa yake samun numfashi.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne takarda. Ka raba ta gida biyu, gefe ɗaya ka rubuta wanda ya mutu, ɗaya gefen wanda zai yi kukansa. Da zarar ka fara wannan, waƙar za ta sauya maka. A kashi na 6, Andromaki ta tare mijinta Hekta a ƙofar gari, ga mai reno ɗauke da jaririnsu. Ta tuna masa cewa Akilis ya riga ya kashe mahaifinta da 'yan'uwanta maza bakwai, yanzu Hekta ne uwa, shi ne uba, shi ne miji. Ya miƙa hannu zai ɗauki yaron, yaron ya tsorata da gashin dokin da ke kan kwalkwalinsa, sai iyayen suka yi dariya, Hekta ya cire kwalkwalin ya ajiye a ƙasa. Wanda ya tsaya a nan ya yi shiru na ɗan lokaci, ba zai karanta mutuwar Hekta a matsayin nasarar kowa ba. A kashi na 24 kuwa, tsoho Firiyam, sarkin Turoi mahaifin Hekta, ya shiga sansanin maƙiya da dare, ya sumbaci hannun da ya kashe 'ya'yansa, yana roƙon gawa. Ya ce wa Akilis ya tuna da nasa mahaifin. Suka yi kuka tare, kowa da wanda yake kuka dominsa, suka ci abinci. Da jana'izar Hekta waƙar ta ƙare, birnin bai ma faɗi ba tukuna.

Labarin Gilgamesh, sarkin Uruk a ƙasar Iraƙi ta yau, ya girmi wannan nesa. A kan allunan yumɓu 12 aka same shi a kufan Ninawa kusa da Mausil, kuma a 1872 George Smith ya karanta allon da ke ba da labarin ambaliya. Ɗigogin da za ka gani a fassara wuraren da allo ya karye ne, ka wuce su. Ka nemi allo na 7, na 8 da na 10, inda Enkidu, aminin Gilgamesh, ya mutu, Gilgamesh ya hana a binne shi kwana shida da dare bakwai, har tsutsa ta faɗo daga hancinsa.

Ga mai Larabci, ya shiga Kasuwar Kurmi wajen masu littattafai ya tambayi Mu'allaƙat da sharhin Zauzani. An saba farawa da ƙasidar Imru'ul Ƙaisi, ni kam da ta Zuhairu nake farawa. Ƙabilun Abs da Zubyan sun yi kusan shekara 40 suna yaƙi kan tseren dawakai biyu, Dahis da Gabra, har Harim bin Sinan da Haris bin Auf suka ɗauki diyyar mamata daga raƙumansu. Waɗannan biyun Zuhairu ya yaba, masu sulhu, ya kuma kwatanta yaƙi da dutsen niƙa. Amma ka lura da inda ya fara: a kufan gidan Ummu Aufa, matarsa ta dā, bayan shekara ashirin, da ƙyar ya gane wurin. Ɗalibai sukan so tsallake baitocin kufai don su isa wurin takubba. Kada ka bari. Antara ma, da duk jarumtarsa, gidan masoyiyarsa Abla ya fara yi wa sallama. Daga nan ka ɗora da marsiyyar Khansa'u ga ɗan'uwanta Sakhr.

Za a tambaye ka batun gumaka da giya, kuma tambaya ce mai kyau. Ka amsa kai tsaye: mutanen ba su da shiriya, ba aƙidarsu muke ɗauka ba. Malaman zaurenmu sun daɗe suna karantar da waƙoƙin Jahiliyya don harshe, kuma Ibn Abbas (RA) ya kan kafa hujja da su wajen fassara baƙin kalmomin Alƙur'ani.

Idan a taro za ku karanta, ka san waɗanda ke zaune a gabanka. A Kano akwai gidajen da har yau ba su gama da hare-haren ranar 20 ga Janairu, 2012 ba, akwai kuma 'yan'uwanmu da suka baro Borno da Zamfara ba da son ransu ba. Ka faɗa musu tun farko abin da ke cikin karatun ranar, wanda ya ga ba zai iya ba ka ba shi uzuri. Kashi ɗaya ya isa a zama ɗaya, mutum biyu ko uku su karɓi karatun bi da bi, a bar lokacin magana kafin kiran Magariba.