Yadda za ki koya ma yaro siffofi da ware kaya kafin ya shiga CI, ajin farko na firamare

Abin da na fi gani wajen uwaye, har da wasu sabbin malaman jardan (makarantar ƙananan yara) nan Maradi, shi ne hanzarin ba yaro sunayen siffofi, a zana mashi a ardwaz a ce ya maimaita ron, tiriyangil, rektangil, ya yi ta rerawa har ya haddace, amma ki ɗauke ardwaz ɗin ki miƙa mashi faifai ki ce wanga mi ne, sai ya tsaya yana kallonki. Don haka ki aje sunaye tukuna.

Farko ki tara kaya, kuma don Allah kada ki je kasuwa sayen robobin wasa masu tsada. Faifai, murfin kwalba, akwatin ashana, sabulu, bulo, kwalin madara da almakashi sun isa. Ki bar shi ya taɓa, ya bi baki da yatsa, ya gara su a ƙasa ya gani da kanshi wanne ke garawa wanne ke tsayawa. Ki tambaye shi mi ya hana akwatin ashana garawa. Nan ne zai gano kusurwa, sai ku ƙirga tare.

To ga inda ake faɗuwa. Kowa in zai yanka mai kusurwa uku sai ya yi shi tsininshi sama, gindi a zaune, kullum iri ɗaya. Ranar da yaro ya ga an kifa shi ko ya ga wani dogo siriri zai ce maki ba shi ba ne, kuma yana da gaskiyarshi tunda hoto guda aka nuna mashi. Ki yanka kamar guda shida, gajere, dogo, karkatacce, ƙarami, babba, ki riƙa juya su a gabanshi a hankali kina tambaya har yanzu kusurwa nawa. Haka za ki yi da mai kusurwa huɗu, ki tsaida shi kan tsini guda. Ni a ganina ko sati biyu aka yi kan wannan kaɗai ba a yi hasara ba. Sai bayan nan ki ba shi sunan Hausa, na lakwal ya biyo baya.

Wajen warewa ƙa'ida ɗaya a lokaci guda. In kin ce a ware da launi to launi kaɗai, kada tsakiyar aiki ki ce a'a manya ban da ƙanana, kin rikita shi ke nan. Wake, gujiya da aya a tire guda suna yi sosai, amma ɗan ƙasa da shekara 3 kada ki ba shi, baki da hanci yake kai su. In ya ware ta wata hanya daban ki tambaye shi dalili kafin ki gyara.

Sama, ƙasa, ciki, waje, gaba, baya kuwa a aike ake koyonsu: sa takalmi ƙarƙashin gado, tsaya bayan ƙofa. Dama da hauni ki bari sai ƙarshe, ki fara da hannun cin tuwo, kuma ki tsaya gefenshi kuna kallon waje ɗaya, in kin fuskance shi damarki ce hauninshi.