Malamin Turanci a Ƙasar Waje: Shiri Daga Abuja da Zaman Watannin Farko

Duk malamin Turanci da ke shirin fita koyarwa a wata ƙasa, daga Jos yake ko daga Gwagwalada, ƙafarsa sai ta taka tsakiyar Abuja, domin a nan ake buga wa takardu hatimin da ƙasashen waje ke yarda da shi. Amma kafin ka kashe ko kobo, fara tabbatar da cewa ƙasar da kake hari tana ba ɗan Najeriya bizar koyar da Turanci. Koriya ta Kudu, alal misali, ta gina wannan bizar a kan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostireliya, Niyuzilan da Afirka ta Kudu. Duk ejan da ya ce zai shigar da kai can a matsayin malamin Turanci da fasfo ɗinka na Najeriya, ka riƙe aljihunka. Inda ƙofa ta fi buɗewa shi ne ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, da wasu makarantun ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Kudu maso Gabashin Asiya. Akwai kuma hanyar gwamnati, wato shirin TAC da aka kafa a 1987, wanda ke tura ƙwararru, har da malamai, aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karebiyan da yankin Fasifik. Ofishinsa yana Abuja, kuma ta sanarwar hukuma ake nema.

Takardu, bi da bi

Fara da fasfo. Mai shafi 32 shekara biyar yake yi, mai shafi 64 akwai na shekara goma. Malamin da zai riƙa sabunta izinin zama duk shekara gara ya yi mai shafi 64, saboda hatimi da biza suna cinye shafi da sauri. Idan saura ƙasa da shekara ɗaya fasfonka ya ƙare, sabunta shi tun kana gida.

Daga nan sai ka jera takardunka a kan tebur: fasfo, katin NIN, shaidar digiri ko NCE, takardar kammala bautar ƙasa, shaidar TRCN, wato hukumar rajistar malamai. Duba rubutun sunanka a kowace, harafi bayan harafi. A nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Takarda ɗaya ta ce Muhammad, wata Mohammed, ta uku kuma an sa sunan gari a madadin sunan mahaifi. A gida ana wucewa da haka, amma jami'in biza mutum uku yake gani. A gyara, ko a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu, tun kafin a kai ko'ina.

Tantance shaidar karatu hawa uku ne, kuma ba a juya shi. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ke Sakatariya ita ce ta farko. Bayanta sai Ma'aikatar Harkokin Waje, wadda ke tabbatar da hatimin ta farkon. A ƙarshe ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Wanda ya fara da Harkokin Waje, mayar da shi baya za a yi. In daga Jos za ka taso, kada ka yi lissafin zuwa da dawowa a yini guda. Ka nemi masauki na kwana biyu ko uku, ka zo da asalin takardu da kwafi uku na kowace, kuma ka biya ta hanyar da hukuma ta tsara, ka ajiye rasit. Masu tare mutum a bakin ƙofa suna cewa za su yi maka cikin awa ɗaya, hatimin da suke bugawa yana iya jawo a hana mutum biza. Zuwa da kai ya fi aike.

Takardar shaidar ɗa'a ta 'yan sanda a bar ta zuwa ƙarshe, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wadda ta wuce wata uku ko shida. Katin rigakafin shawara kuwa a yi shi da wuri: allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma, amma tun 2016 sau ɗaya ake yin ta har tsawon rai.

Saura shaidar koyar da Turanci ga baƙin harshe. Digirin Turanci daban, wannan daban. Makarantu na neman kwas mai awa 120. CELTA ta Kambirij ta fi nauyi a idonsu saboda a cikinta akwai awa shida na koyarwa a gaban ɗalibai na gaske, mai duba yana zaune yana ba da maki. Tana da tsada. In ƙarfinka bai kai ba, nemi kwas da ke da koyarwar gwaji ko da kaɗan ce. Satifiket ɗin da ake samu a intanet cikin kwana biyu ba ya tsallake teburin makarantar kirki. Sakamakon IELTS kuma, wato jarrabawar auna ƙwarewa a Turanci, shekara biyu yake aiki, saboda haka kada a yi gaggawar zana shi tun ba a nema ba.

Yarjejeniyar aiki

Wannan takarda ita ce rayuwarka ta shekara ɗaya ko biyu, don haka a karanta ta da natsuwa, a ba wani wanda ya taɓa fita ya sake karantawa.

Abu na farko, awa nawa. Akwai awannin tsayuwa a aji, akwai awannin zama a makaranta. Awa 20 zuwa 25 a aji kowane mako aiki ne cikakke, domin kowace awa tana jan shiri da gyaran littattafai a bayanta. Idan an rubuta awa 40 kawai ba a rarrabe ba, tambaya a rubuce nawa ne na aji. Malamin da aka ɗora wa awa 32 na aji, zuwa wata na uku muryarsa ta dushe, shirin darasi ya gagara.

Na biyu, albashi: da wane kuɗi, ranar nawa ga wata, kafin haraji ne ko bayansa, kuma ana biyan watannin dogon hutu? Wasu makarantu wata goma suke biya a shekara. Raba jimillar gida goma sha biyu ka ga ainihin abin da za ka samu.

Na uku, gida. "Makaranta za ta ba da masauki" magana ce mai faɗi. Ɗaki ne kai kaɗai ko ku huɗu? Wa ke biyan wuta da ruwa? Nisan sa da makaranta fa? Ka nemi hoto da lambar malamin da ke zaune ciki yanzu. Makarantar da ta ƙi haɗa ka da ko malami ɗaya daga cikin baƙin da ke mata aiki, akwai abin da take ɓoyewa. Malama mace ta ƙara da tambayar su wa ke zaune a gidan da yadda ake zuwa makaranta a dawo.

Sannan tikitin zuwa da dawowa, inshorar lafiya, tsawon lokacin gwaji, da abin da zai faru in ɗayanku ya so raba gari. Wa zai biya kuɗin izinin aiki da na zama, wanda a Saudiyya ake kira iƙama? Ya kamata makaranta ce.

Abubuwa uku kuwa, da ka ji ɗaya ka janye: a ce ka biya kuɗi kafin a ba ka aiki, a ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido ko ta Umara "a gyara daga baya", a ce za a riƙe maka fasfo. Wanda ke koyarwa da bizar ziyara ba shi da inda zai kai ƙara ranar da aka hana shi albashi, kuma shi za a kama, ba mai makarantar ba. In ka ga alamar safarar mutane ce aka lulluɓe da sunan aiki, hukumar NAPTIP tana nan Abuja. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Guzuri

Akasarin jirage jaka mai kilo 23 suke ba da dama, ɗaya ko biyu. A kasuwar Wuse ko Terminus a sayi kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, a ɗaure kowanne a leda biyu a rubuta sunansa da Turanci. Kilishi da dambun nama a bar su, ƙasashe da yawa ba sa bari a shigo da nama. Mai zuwa Saudiyya ya bar goro. Magani sai da takardar likita, kuma masu ɗauke da kodin ko tiramadol laifi ne babba a ƙasashen Larabawa. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗan unguwarku ne, sai ka buɗe ka gani da idonka. Soket ɗinmu mai ƙafa uku yana aiki a Saudiyya, amma Turkiyya da ƙasashen Faransanci mai ƙafa biyu zagayayye suke amfani da shi, sai a sayi adafta. Mai zuwa Ankara kada ya auna sanyinta da na Jos a Disamba. Can ƙanƙara ke zuba, kuma rigar da za ta iya da shi a can ake saye.

Mafi muhimmanci shi ne kuɗin riƙe kai. Albashin farko yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, wani lokaci ya wuce haka idan buɗe asusun banki yana jiran katin zama. Riƙe abin da zai ci da kai wata biyu, a dala ko yuro, daga ɗan canji mai lasisi, ka karɓi rasit. Ka gaya wa iyali gaskiya tun kafin ka tashi: ba za a ga aike ba sai wata na uku. Layinka na gida da ke haɗe da BVN ka bar shi a raye, ka riƙa sa masa kati, domin ta nan lambobin banki ke shigowa, kuma layin da ya daɗe a kwance kamfani na karɓewa ya sayar wa wani.

Cikin aji

A Najeriya ɗalibi yana jin Turanci a rediyo, a allon talla, a darasin lissafi. A can, watakila minti 45 ɗinka ne kaɗai Turancin da zai ji a yini. Wannan ya canza komai. Salon da muka saba, malami ya cika allo da ƙa'idojin nahawu yara su kwafa, ba ya haifar da mai magana. A makon farko gwada su ka san matsayinsu a ma'aunin da ake amfani da shi, daga A1 zuwa C2, domin littattafansu a kansa aka tsara su. Ka rage saurin magana. Umarni ya zama gajere, kalma biyar ko shida, ka nuna da hannu, sannan ka sa ɗalibi ɗaya ya maimaita abin da za a yi. Tambayar "kun gane?" ba ta da amfani, kowa kai zai gyaɗa. Ka sa su aiki bibbiyu, su yi magana fiye da kai.

Sai gyaran bakinka. Lafazin Najeriya ba abin kunya ba ne, kuma ba a neman ka koma Bature. Amma akwai wuraren da harshen Bahaushe ke zamewa, kuma ɗalibai kwafa za su yi: p da f, v da b, sautin th, da wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe. Ɗauki muryarka da waya kana karanta sakin layi ɗaya, ka saurara, ka ware kalma goma kana maimaitawa kullum. Haka maganganun da a gida kawai ake fahimta: "I am coming" da nufin yanzu zan dawo, ko "off the light". Su ma ɗaliban da nasu: Balarabe ba shi da p, sai ya mayar da ita b, mai Faransanci yakan haɗiye h. In ka san wannan tun farko, ka san inda za ka sa ƙarfi.

Bulala haramun ce a akasarin makarantun da za ka je, har da murɗe kunne da sa yaro durƙuso. Sau ɗaya ya isa a sallame ka, wani wuri har da 'yan sanda. Tambayi shugaban sashe matakan horon da suke bi, ka bi su daidai, ka rubuta komai. Kada ka keɓe da ɗalibi ƙofa a rufe. Darasin gefe na kuɗi kuma duba yarjejeniya da dokar biza tukuna, wurare da yawa sun hana.

Bayan an tashi

Wahalar ba a makon farko take zuwa ba, lokacin komai sabo ne. Wajen mako na shida zuwa na goma take sauka, in ɗoki ya wuce, ga gajiya, ga ɗaki shiru babu mai sallama. Maganinta tsari ne. Nemo masallacin Juma'a ko cocin da za ka riƙa zuwa tun makon farko, a nan ake gamuwa da 'yan gida. In Juma'a ranar aiki ce a ƙasar, nemi a bar maka wannan awar a jadawali kafin a kafe shi, domin bayan an kafe da wuya a sauya. Tsayar da lokacin kiran gida: Saudiyya da Turkiyya sun riga Abuja da awa biyu, Tailan da awa shida. Koyi gaisuwa, ƙirga da cinikin kasuwa a harshensu, kalma biyar a rana. Gaisuwa na buɗe ƙofa a can kamar yadda take buɗewa a nan. Semolina ko shinkafa mai laushi tana yin tuwo, sai ka dafa miyar mako ranar hutu ka raba a firij. Ka yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya, ka ajiye hoton fasfo da izinin zama a waya da kuma wurin wani ɗan'uwa a gida. Siyasa da addinin masu masauki, a aji ko a Facebook, ka kame bakinka.

Wata biyu kafin yarjejeniya ta ƙare, nemi takardar shaidar aiki mai hatimin makaranta, wadda ta faɗi ranar farawa da gamawa, azuzuwan da ka koyar da awanninka a mako. Ka karɓi takardar ɗa'a daga 'yan sandan ƙasar tun kana ciki, saboda makaranta ta gaba za ta nema, kuma samunta daga Abuja yana iya cin watanni. Asusun banki kada ka rufe shi sai albashin ƙarshe da kuɗin sallama sun shiga.