Yadda za ka tabbatar kayan da ka saya ko aka ba ka sun zama naka a shari'a

Mota, waya, dabba, gwal ko injin ɗinki duk dukiya ce da ake ɗauka daga wuri zuwa wuri, kuma rigimarta yawanci daga abu ɗaya take tasowa: an ɗauka wanda kaya ke hannunsa shi ne mai su. Makanike yana riƙe da motocin mutane, mai karɓar jingina yana riƙe da gwala-gwalai, ɓarawo ma yana riƙe da abin da ya sata, amma babu mai mallaka a cikinsu. Abin da kake biya wa kuɗi mallaka ce, don haka ita za ka bi diddigi.

Fara da tambayar mai sayarwa inda ya samo kayan. Ƙa'idar ita ce mutum ba ya mallaka wa wani abin da shi bai mallaka ba. Haka take a fiƙihun Musulunci, haka take a Dokar Sayar da Kaya ta Ingila ta 1893, wadda ƙasashe da dama da Ingila ta mulka suka gada. Ko da zuciya ɗaya ka sayi kayan sata, mai su na asali zai karɓe abinsa, kai kuma sai ka bi wanda ya sayar maka. A shari'ar Rowland da Divall ta 1923, wani dillali ya sayi mota fam 334, bayan watanni aka gano ta sata ce aka ƙwace ta. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce a mayar masa da kuɗinsa gaba ɗaya, domin bai samu mallakar da ya biya ba. Shi ya san inda zai samu wanda ya sayar masa. Mai saye a hannun baƙon da bai san adireshinsa ba yana da wannan haƙƙi, sai dai babu wanda zai kai ƙara.

Saboda haka nemi rasit na farko, ka gwada lambobin da ke takarda da waɗanda ke jikin kayan. Lambar jikin motocin zamani tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma inji yana da tasa daban. A waya, danna *#06# za ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15. In ka ga alamar an kankare ko sabon fenti a gurbin lamba, ka haƙura da cinikin. Tambayi kuma ko akwai bashi a kan kayan. Wanda ya ɗauki mota da sharaɗin ba za ta zama tasa ba sai ya gama biya, har yanzu mai haya ne. Wakili ya nuna takardar wakilci. Kayan gadon da ba a raba ba kuwa na dukkan magada ne, sa hannun ɗaya bai isa ba.

Sai rubuta yarjejeniya: cikakken suna da adireshin kowa, siffar kayan da lambobinsu, farashi, abin da aka biya da abin da ya rage, kwanan wata, da shaidu biyu. Layin da aka fi mantawa, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne lokacin da mallaka za ta koma ga mai saye. In ba a faɗa ba, dokar 1893 tana ɗaukar takamaiman kayan da ke shirye sun zama na mai saye tun ranar ƙulla ciniki, ko bai biya ba, ko bai ɗauka ba, kuma asara tana bin mallaka. Idan gobara ta cinye su a wurin mai sayarwa ba da sakacinsa ba, kai ka yi asara. Amma in buhu 50 ka saya daga tarin buhu 500, ba su zama naka ba sai an ware su. Mazhabar Malikiyya ma ta bar alhakin asarar abin da ake aunawa ko ƙirgawa a wuyan mai sayarwa har sai an auna wa mai saye. A ware naka, a yi musu alama, ko ka kwashe su nan take.

Kyauta tana da nata tarkon. A Malikiyya ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. In mai kyauta ya rasu kayan suna hannunsa, sun koma gado. Dokar Ingila ma tana neman a damƙa kayan ko a yi takardar kyauta ta musamman. Uban da ya ba babban ɗansa mota, ya miƙa masa makulli da takardu gaban shaidu, a sauya sunan rajista tun yana da lafiya.

Ajiya, aro da jingina ba sa mayar da mallaka. In za ka bar kaya a hannun wani, rubuta dalilin barin da ranar karɓa, domin in ya rasu, magadansa za su tarar da su cikin kayansa, kuma kai za a nema da hujja.